Yadda ake haɗa altaneta da regileta a tsofaffin motocin gudu na Ingila ba tare da an ƙona komai ba

Wannan bayanin na wanda aka kawo wa tsohuwar motar gudu ne irin ta Ingila, MGB ko Triumph Spitfire ko TR6 ko Jaguar E-Type, batir na ta mutuwa, ana so a canza altaneta ko kuma a cire dainamo gaba ɗaya a sa altaneta (su biyun aikinsu yi wa batir caji ne, dainamo shi ne tsohon yayi). Na san ba kullum ake ganin irinsu a garejinmu ba, amma kayan wutarsu na kamfanin Lucas ne, shi ne dai a jikin Land Rover Series 3 da taraktocin Massey Ferguson da yawa, to wanda ya iya wannan ya iya wancan.

Abin da nake so ka riƙe tun yanzu shi ne, mota regileta, wato abin da ke daidaita ƙarfin caji, ɗaya tak take buƙata, kuma dole ya zama na irin altanetar da ke jikinta. Ba biyu ba, ba sifili ba, ba kuma wanda aka ciro daga wani gida daban ba. Yawancin altanetar da ake kawo min a ce wai ta zo a lalace daga shago lafiyarta ƙalau ta zo, a wajen haɗi aka kashe ta.

Kayan aiki

Mita ta dijital mai auna volt da om, wannan ba ta da madadi, in ba ka da ita ka ara. Fitilar gwaji, in babu ka samu ƙaramin kwan dashbod ka ɗaura masa waya biyu, ya wadatar. Sifanu, ka tuna motocin nan da inci aka yi notinansu, 1/2 da 7/16 da 9/16 su ne za ka fi ɗauka, in babu 1/2 to lamba 13 tana kamawa amma da ɗan sako-sako, kar ka yi mata ƙarfi ta cinye kan noti. Sukudireba, filaya, abin matse kan waya, dalma da ƙarfen narka ta, salatif mai kyau ko robar nan da ke tsukewa in ta ji zafi. Waya mai kauri kamar mita biyu, aƙalla 6mm², in altanetar ta kai amp 60 to 8.5mm² ko sama. Doguwar rula ta ƙarfe ko miƙaƙƙen ƙarfe, sandar katako, farin tef da biro na yi wa wayoyi suna. Sai wayarka ta hannu, ka ɗauki hoton komai kafin ka taɓa.

Mataki na 1: gano wane kan batir ne ke tafiya bodi

Kar ka tsallake wannan don Allah. Motocin Ingila da yawa na da can fozitif ɗinsu ne ke manne da bodi, akasin abin da muka saba. MGB haka take daga 1962 har ƙarshen 1967, E-Type mai inji 3.8 haka take har 1964, Austin-Healey 3000 kuwa har aka daina ƙera ta a haka take. Altanetar da za ka samu a kasuwa kusan duk negatif ne ke zuwa bodi, in ka ɗaura ta a motar da ke juye, kana mayar da kan batir dayod ɗinta, ƙananan kayan da ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, sun tafi, ko ki ba ka murɗa ba.

Kuma kar ka yarda da shekarar mota kawai, mota mai shekara hamsin da wani abu ta bi hannu da yawa, wataƙila wani ya riga ya juya ta. Bi wayar da idonka har inda aka ɗaure ta a bodi, sannan ka sa mita ka tabbatar. A MGB batirin ba a bonet yake ba, yana bayan kujeru ƙarƙashin wani faifan ƙarfe, kuma kafin 1974 batir biyu ne masu volt 6 aka jera su suka ba da 12.

Daga nan ka cire kan batir na bodi ka ajiye shi gefe inda ba zai dawo ya taɓa ba. Wayoyi masu ruwan ƙasa a tsarin Lucas kullum da wuta a jikinsu ko ki na aljihunka, kuma ba su da fis.

Mataki na 2: gano wane tsari ne a motar

Uku ne za ka tarar.

Na farko dainamo da katawut, wato regiletan dainamo. Dainamo dogo ne baƙi kamar gwangwani, yawanci Lucas C40 mai ba da amp 22, waya biyu a bayansa, babba da ƙarama. Katawut ɗinsa baƙin akwati ne a jikin bango cikin bonet, ko RB106 mai haruffa A1, A, F, D, E, ko RB340 mai E, D, WL, F, B.

Na biyu altaneta mai regileta a waje. Misali 11AC ta E-Type mai inji 4.2, ko 16AC da aka sa wa MGB na 1968. Regiletansu ɗan ƙaramin akwati ne mai suna 4TR. 11AC ma ba shi kaɗai take tafiya da shi ba, akwai rile 6RA, makunni ne da wuta ke kunnawa, mai ba ta wutar fil (naɗin wayar da ke juyawa a cikinta), da wani ɗan gwangwani 3AW mai kula da jar fitilar dashbod.

Na uku altaneta mai ayisi a ciki, wato ƙaramin regileta da ke cikin jikinta, su ne masu ACR a ƙarshen lambarsu, 15ACR mai amp 28, 16ACR mai 34, 17ACR mai 36, 18ACR mai wajen 45. Harafin R ɗin nan shi ke gaya maka regiletan na ciki, bayan baƙar murfin roba.

Abin da ke ruɗa sabon shiga, sai ka ga altaneta mai ayisi a inji kuma ga tsohon katawut a bango da wayoyi a jiki. Wani lokaci wanda ya yi aikin ya fafe cikin akwatin ne ya bar shi ya zama mahaɗar waya kawai don motar ta riƙe kamanninta na asali, wannan ba laifi. Wani lokaci kuma bai san abin da yake yi ba ne. Buɗe murfin ka leƙa, in har koyil-koyil ɗin na nan da wayoyinsu a haɗe to direba biyu ne a sitiyari ɗaya, dole a sauke ɗaya.

Mataki na 3: daidaita altaneta da regileta a kan benci

Nan ne aikin yake, ka zauna ka natsu.

Ga ɗan abin da ya kamata ka sani. Cikin altaneta akwai abin da ke juyawa, an naɗe shi da waya, shi ake cewa fil. In an ba shi wuta ya zama maganaɗisu, altaneta ta yi caji, in an rage masa caji ya ragu. Aikin regileta kenan kawai, ya kunna wutar fil ya kashe da sauri-sauri don volt ya tsaya wajen 14. To amma hanya biyu ake yin wannan. Wani regiletan yana zama ta ɓangaren bodi, wato fil na samun fozitif kai tsaye shi kuma yana buɗe masa hanyar zuwa bodi yana rufewa, haka 4TR yake. Wani kuma yana zama ta ɓangaren fozitif, ɗaya bakin fil ɗin an riga an manna shi da jikin altanetar, shi regileta ne ke turo masa wuta, haka Bosch mai regiletan waje take, mai haruffa D+, DF, D-, irin wadda za ka gani a tsofaffin motocin Jamus da wasu na Italiya. Su biyun duk waya uku ne, duk volt 12 ne, girmansu ma kusan ɗaya, mai shago zai ce maka ai duk ɗaya ne oga. Ba ɗaya ba ne. In ka gauraya su ko dai ba caji kwata-kwata, ko ta yi ta caji ba birki har batir ya tafasa.

Yadda za ka gane, sa mita a om, cire duk wayoyin altanetar. Auna tsakanin tashar fil da jikin altanetar. In ka ga kamar om 3 zuwa 5, fil ɗin na manne da jiki daga ciki, regileta mai turo fozitif take so. In mita ba ta nuna komai ba, auna tsakanin tashar fil da ɗaya ƙaramar tashar, F+ da F- a 11AC, ko F da IND (tashar jar fitilar dashbod) a 16AC, in a nan om ɗin ya fito to irin 4TR take so. In ko ta ina babu karatu, burushi ya cinye ko fil ya tsinke, ka gyara wannan tukuna kafin ka zargi regileta. In kuma karatun ya yi ƙasa sosai, om 1 ko ƙasa da haka, wayar fil ta haɗe da juna, kuma ita ce ta kashe tsohon regiletan, in ka sa sabo shi ma za ta cinye shi.

Katawut ɗin dainamo kuwa ba ya aiki da altaneta ko kaɗan, kar ma ka gwada. Fil ɗin C40 wajen om 6 ne, amp 2 yake ja, na altaneta yana jan 3 zuwa 4, bakin kwantak ɗin katawut ba zai jure ba. Sauran aikin katawut ɗin kuma, hana batir komawa baya da tsare yawan amp, altaneta ta riga ta yi su da kanta.

In ayisin ACR za ka canza, cire baƙar murfin baya, bol biyu ne ƙanana, za ka ga ɗan akwatin ƙarfe da wayoyi kala-kala sun fito daga jikinsa. Ƙirga su. Akwai mai waya biyu, mai uku, mai huɗu, ka tafi kasuwa da tsohon a aljihu ka sayo mai adadin wayarsa. Dalili, wasu ACR ɗin a jikinsu suke auna volt, wasu kuma suna da wata ƙaramar waya ta daban da ke zuwa ɓangaren batir ta jiyo musu volt ɗin can, tashar tana ɗauke da S ko ƙaramin B+. In altanetarka mai wannan tashar ce ka bar ta a sake, wata ba za ta yi caji ba wata kuma za ta wuce 15. In motar ba ta da wayar, ja ƙaramar waya daga tashar zuwa babban noti na solenoyid ɗin kik, ko in ka matsu ka haɗa ta da babbar tashar altanetar a nan bayanta.

In ba a samu Lucas ba fa? Ka fara duba wajen masu kayan tarakta da na Land Rover, a Kofar Ruwa ko Panteka, A127 ta Lucas tana zama a gurbin ACR kusan ba wahala kuma ta fi ta ƙarfi. In babu, ƙaramar Denso ta tsofaffin motocin Japan tana yi, sai dai ita tana da S da IG da L, kuma IG ɗin dole ka ja masa wuta daga ki, farar waya a tsarin Lucas, in ba haka ba tana nan tana juyawa a banza. Delco 10SI ma tana yi, lamba 1 fitila, lamba 2 ta jiyo volt. Wadda zan hana ka ita ce ta sababbin motoci da kwamfutar inji ke ba wa umarni, ana samunsu da araha cikin kayan Beljiyam, suna sheƙi, amma motar 1966 ba ta da kwamfutar da za ta yi musu magana.

Ni a ra'ayina motar da ba a ƙara mata komai ba amp 45 ya ishe ta har da saura. Masu neman amp 100 a MGB wayoyinsu kawai suke wahalarwa.

Mataki na 4: juya motar zuwa negatif a bodi, in tana buƙata

In mataki na 1 ya nuna negatif ne a bodi, wuce. In fozitif ne, juya batirin, ka lura kan fozitif ya fi kauri don haka sai ka canza kawunan wayar ba wai ka buga su da guduma ba. A koyil ɗin da ke ba fulogi wuta ka musanya ƙananan wayoyin biyu, in mai + da - ne to - shi ke zuwa distributa, in tsoho ne mai SW da CB to yanzu wayar ki ta koma CB ta distributa ta koma SW. In ka manta motar za ta tashi amma tartsatsin fulogi zai yi rauni. In akwai agogon amp a dashbod musanya wayoyin bayansa. Kik bai damu ba, haka fitilu da hon.

Masu damuwa su ne duk abin da ke da taransisto ko dayod a ciki, tsohuwar rediyo, agogon juyin inji na Smiths mai aiki da wuta (duba fuskarsa da kyau, ana rubuta irin atin ɗinsa, wato kan batirin da ke zuwa bodi, da ƙananan haruffa a ƙasa), da famfon mai na SU in irin mai dayod ne. Cire musu waya kafin ka mayar da batir, a gyara su daban.

In mai motar ya ce shi sam ba a juya masa mota, akwai altaneta da ake sakawa cikin kwanson dainamo, ana yin ta har da mai fozitif a bodi, sai dai a yi oda daga waje kuma da tsada.

Mataki na 5: ɗaura ta a inji

Dainamo ya fi altaneta tsawo, don haka ƙarfen da ke riƙe bayansa ba zai kai ba, ko ka samo na altaneta ko ka sa dogon bol da guntun bututu ya cike tazarar. In kunnen gaba ya faɗo ta ɓangaren da ba shi ba, ACR tana da dogayen bol uku da suka ratsa ta, kwance su ka juya murfin gaban ka mayar, amma kar ka zaro shi waje.

Ɗora rula a fuskar fulin altaneta da na famfon ruwa, su kwanta daidai, in akwai karkata ka gyara da wasa. Fulin altaneta ƙarami ne da gangan don ta yi gudu kusan ninki biyu na inji, shi ya sa take caji a silo inda dainamo ke barci, kar ka ɗauko babban fulin dainamo ka sa mata. Saboda haka ma fambel ɗin da zai zauna yakan zama ɗan gajere, auna da igiya ka kai shago. Wajen ɗaurewa da katako za ka tura, ta gaba wajen fuli, kar ka sa ƙarfe a bayanta inda robar take. In ka danna tsakiyar fambel da yatsa ya sauka kamar rabin inci ya yi. In ya wuce haka tauri bearin ɗin famfon ruwa ne zai biya.

Mataki na 6: wayoyi

Daga dainamo mai RB340. Yi wa kowace waya suna da tef kafin ka zare. Babbar waya mai ruwan ƙasa da zanen rawaya ta kan D, haɗa ta da duk masu ruwan ƙasa na kan B. Ƙaramar mai ruwan ƙasa da zanen rawaya ta kan WL, ita ce ta fitilar dashbod, haɗa ta da mai ruwan ƙasa da zanen kore ta kan F. Baƙar ta kan E in guda ɗaya ce naɗe ta ka ajiye, in sun fi ɗaya haɗa su ka ɗaure a bodi domin wani abu na samun atin ta nan. Can wajen inji kuma, babbar wayar da ta fito daga dainamo ta shiga babbar tashar altaneta, ƙaramar ta shiga IND.

In RB106 ne, A da A1 da babbar wayar D su zama tsintsiya ɗaya, ƙaramar wayar da ke kan D ɗin ta haɗu da wayar da ke kan F. A tsofaffi sosai irin MGA za ka ga rawaya zalla a D, rawaya da kore a F, aikin dai ɗaya ne.

Wannan haɗin na manyan wayoyi duk wutar motar ta nan za ta bi, ba wajen murɗawa da hannu a naɗe da salatif ba ne. Feƙe wayar ka duba tagullar, in ta yi baƙi ko kore-kore ka yanke ka ci gaba har ka iske mai sheƙi, dalma ba ta kama tagulla mai datti, za ta dunƙule ne a sama ka ɗauka ta kama. A matse, a sa dalma, a rufe ninki biyu.

Sannan ka tuna wayar dainamo don amp 22 aka yi ta. ACR yawanci tana da manyan tashoshi biyu a soket ɗinta kuma a haɗe suke daga ciki, to ja sabuwar wayar nan mai kauri daga ta biyun kai tsaye zuwa notin solenoyid inda wayar batir take. Ka bi da ita nesa da salansa da fanka. Illar wannan guda ɗaya ce, in motar na da agogon amp yanzu caji zai zagaye shi, allurar za ta riƙa yin ƙarya. Ka sa agogon volt a gurbinsa, Triumph ma da kansu haka suka yi wa TR6 daga 1973. Tura amp 45 ta cikin agogon da aka rubuta wa 30 a bayan dashbod na katako ba dabara ba ce.

Daga 16AC zuwa ACR, zare soket ɗin 4TR ka naɗe shi, babbar waya zuwa babbar tasha, wayar fitila zuwa IND, tsohuwar wayar fil ta zauna ba aiki. Daga 11AC, su ukun duk za su fita, 4TR da 6RA da 3AW. A wajen 3AW ka haɗa wayar WL da wayar AL, sai wayar AL ɗin ta can wajen inji ta zama ita ce ta IND. Wayar da ke kawo wa 6RA wuta tana da rai, rufe ta da kyau.

In launin wayoyi ya koɗe ko wani ya taɓa sake wayarin da abin da ya samu, ga yadda za ka gano wayar fitila ba tare da zane ba. Mayar da batir na ɗan lokaci, tabbatar babbar wayar ba ta taɓa komai, kunna ki, ɗauki ƙaramar wayar da kake zato ka haɗa ta da bodi ta cikin fitilar gwajinka. In jar fitilar dashbod ta kawo dishi-dishi tare da ta hannunka, ita ce. In ta hannunka ta haska tar ta dashbod shiru, wannan wutar ki ce kai tsaye, kar ka kai ta IND.

Mataki na 7: jar fitilar dashbod

Mutane na ɗauka ado ce. A ACR ta cikin kwan nan ne wutar farko ke bi ta je ta tada fil, in kwan ya mutu ko an cire shi altanetar ba za ta fara caji ba, ko kuma sai an taka totur sosai kafin ta farka. Kwan asali watt 2.2 ne. Masu sa LED don dashbod ya yi kyau su ne suka fi faɗawa wannan ramin, LED ba ya barin isasshiyar wuta ta wuce. Ko ka mayar da kwan gargajiya, ko ka sa resisto kamar om 68 mai watt 5 a gefen LED ɗin, baki da baki. Gidan kwan ma waya biyu ne da shi kuma bai kamata ya taɓa bodi ba, in wani ya sa gida mai atin fitilar za ta zauna a kunne har abada.

Mataki na 8: gwaji

Mayar da kan batir a hankali, ka ɗan taɓa shi tukuna. In ya yi babban tartsatsi alhali komai a kashe yake, janye, akwai kuskure. Auna batir kafin tashi, cikakke 12.6 ne, in yana ƙasa da 12.2 a yi masa caji a waje tukuna, sabuwar altaneta ba da mataccen batir ake mata maraba ba kuma karatun da za ka samu ba zai zama gaskiya ba.

Kunna ki, fitila ta kawo. Tada inji, ɗan ba ta wuta, fitila ta ɗauke. Riƙe inji wajen juyi 2000 ka auna a kan batir, kana neman 13.6 zuwa 14.4. Kunna manyan fitilu da fankar hita da waifa, kar ya faɗi ƙasa da 13 da ɗoriya. In ya tsaya a 12 da wani abu ba ta caji, koma kan fitila da IND. In ya haura 15 kashe nan take, ko wayar S ce a sake ko regiletan bai samu atin ba ko ba nata ba ne. Batirin da ake wa irin wannan cajin za ka ji shi kafin ka gan shi, warin ruɓaɓɓen ƙwai, samansa ya jiƙe, gefensa da ɗumi, kuma a zafinmu na bazara ba ya ɗaukar kwanaki.

Da fitilun a kunne, sa mita tsakanin babbar tashar altaneta da fozitif ɗin batir, kar ya wuce rabin volt. Sannan tsakanin jikin altaneta da negatif ɗin batir, kar ya wuce 0.25. In ya wuce, duba saƙaƙƙiyar wayar atin da ke tsakanin inji da bodi, a tsofaffin motoci takan zama saura 'yan silli, wani lokaci ma har wayar cok ce ke ɗaukar atin ɗin tana zafi a hannu. Juya mita zuwa AC ka auna a bayan altanetar, in ya kai rabin volt akwai dayod da ya mutu. Bayan minti goma taɓa soket ɗin baya, ɗumi ba komai, amma in yana ƙona yatsa bakin ya saki, matse shi ko ka canza kafin robar ta narke.

Gwajin nan da ake yi a gareji na zare kan batir inji na aiki a ga ko mota za ta mutu, na zamanin dainamo ne. A altaneta volt na iya yin tsalle ya kashe ayisi da dayod a take, kuma ko motar ba ta mutu ba bai gaya maka 13 take bayarwa ko 17 ba. Haka ɗan kartar waya a tashar fil da ake wa dainamo don a saita masa fozitif da negatif, altaneta ba a yi mata. In za a yi walda a jikin motar a zare batir da soket ɗin altaneta.

Mataki na 9: in ka kashe ki inji ya ƙi mutuwa

Yana faruwa bayan an koma mai ayisi, masu Datsun 240Z da ke sa altanetar 280ZX sun san shi sosai, kuma yana iya samun duk motar da ke da rile a layin ki. Wuta ce ke dawowa daga altaneta ta wayar fitila ta riƙe rilen a kunne. Kar ka zare batir don ka kashe ta, sa giya ka taka birki ka saki kuloci a hankali. Maganin dayod ne guda ɗaya mai amp 3 irin 1N5402 a kan wayar fitilar, ɓangaren da ke da zobe ya kalli altaneta. In ka sa shi a juye fitilar ba za ta kawo ba kuma ba caji, sai ka juya shi. In babu 1N5402 a kusa, masu gyaran rediyo da talabijin suna da irinsa a tsofaffin allunan wuta, ka ce musu mai amp 3 kake so, ka rufe shi da robar tsukewa ka ɗaure shi jikin sauran wayoyin don kar girgiza ta karya masa ƙafa.